Rabin Gonar da Aka Hana Ruwa

Malam Iliyasu bai taɓa kiran ɗansa na fari da sunansa ba. Haka ya tarar ana yi a gidansu, haka shi ma ya yi. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa. In magana ta kama sai ya ce "yaron nan", matarsa Ummulkhairi kuma ta ce "wancan". Da aka yaye yaron, yayan Iliyasu, Garzali, wanda a lokacin Allah bai ba shi haihuwa ba, ya zo daga ƙauyensu na gefen Bunkure ya saɓa shi a kafaɗa ya tafi da shi. Iliyasu na zaune a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, ko kai bai ɗaga ba, don kada a ce ya nuna son ɗa. Mutane suka yaba masa da kara. A can Jamaluddeen ya tashi, yana ce wa Garzali Baba, mahaifinsa kuma yana ce masa Baffa, kamar yadda yaran da aka haifa a gidan daga baya suke faɗa.

Shekaru masu yawa abin bai dame shi ba, ko kuma bai yarda ya dame shi ba. A ranin bana ne ya fara hana shi sakat.

Jamalu ya yi karatu a Kano, ya ƙaro a ƙasar waje, yanzu yana aiki da wani kamfani mai zana cip, ɗan mitsitsin baƙin abin nan da ke cikin waya da kwamfuta, wanda shi ne ƙwaƙwalwarsu. Su nasu zane ne. In sun gama sai a aika wata masana'anta a hayin teku ta ƙera. Bana aka ƙera na farko da Jamalu ya zana da hannunsa tun daga tushe, ya ɗauko shi ya taho gida don ya gwada shi a gonar tumatir. Duk wannan Iliyasu bai ji daga bakin ɗansa ba. A teburin mai shayi ya ji, a Kura, daga bakin Mudassiru dillalin tumatir.

"Malam Iliya, ashe haka yayanka ya iya haihuwa?" in ji Mudassiru, yana tsoma burodi. "Jiya na biya ta gonarsa. An kafa wani ƙarfe da akwati a samansa, da faifan sola kamar faranti. Wai ƙirƙirarriyar basira ce a ciki. Ita take duba ganye, ta ji damshin ƙasa, ta ce a ba da ruwa ko kada a bayar. Ko sabis ba ta nema. Ɗan Garzali ne ya haɗa ta."

"Allah ya yi albarka," in ji Iliyasu.

"Kai dai ka tsaya nan da tsohuwar fartanyarka. Ka roƙi yayanka ya ara maka yaron mana."

Aka yi dariya. Akwai dattawa a wajen da suka san wanda ya haifi yaron, amma ba wanda ya gyara maganar, shi ma ba zai gyara ba. Mutum ba ya buɗe baki a tsakiyar majalisa ya ce ɗan fari nawa ne. Ya bar rabin shayinsa ya hau babur.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya yi shiri. Tun da ya ji yaron zai zo, ba tare da ya san me zai zo da shi ba, ya nome gonarsa tas, ya yashe magudana, ya sassabe ciyawar bakin kanal har ta maƙwabci. Yaron ya zo gaisuwa, ya tsugunna a zaure kansa a ƙasa. Iliyasu ya tambaye shi hanya, ya tambaye shi mutanen gida, ya ce Allah ya taimaka. Shi ke nan. Jamalu ya shiga ya gaida Ummulkhairi, ita ma ta amsa tana kallon tukunya, ya fito ya koma Bunkure.

Da ya isa gida daga teburin shayi, Ummulkhairi ta dube shi sau ɗaya ta gane.

"Wa ya taɓa ka?"

"Gonar Yaya ƙarshen kanal take," in ji shi. "Ƙasar ma jigawa ce. Tawa tana bakin ruwa, laka ce mai kyau. In abin gwaji ne, ina ya kamata a kai shi?"

"Ka faɗa masa?"

"Wa?"

"Wancan."

"In ce masa me? Ke ki faɗa masa mana."

"Ni?" Ta yi dariya tana tankaɗe. "Kai da kake namiji ka kasa, sai ni? Malam, kishin yayanka kake yi, da furfura a gemunka."

"Ba kishi ba ne. Yaya ba shi da kula. Tun muna yara in aka ba shi ban ruwa sai ya sa bututun saifon ya tafi kamun kifi. Zai lalata wa yaron nan aiki, a zo ana yi masa dariya."

Ummulkhairi ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar kasuwar Bunkure, bayan azahar, ya ce zai je aron injin feshi wajen Garzali, alhali nasa na rataye a zaure lafiya lau. Ya san yayan nasa ba ya fashin kasuwa. Ya bi gefen babban kanal, ruwan Tiga na tafiya cike har baki, ya ratse ta cikin shinkafar rani, ya ɓullo ƙarshen layi inda gonar take. Ba kowa.

Ga ƙarfen nan a tsaye, tsawonsa ya kai kafaɗar mutum. Akwatin bai fi kwanon sha ba. Akwai ɗan ido na gilashi da ke kallon tumatir, da wayoyi da suka nutse cikin ƙasa, da wata ƙaramar fitila da ke ci da ja. Iliyasu ya daɗe yana kallo. Ya waiga hagu da dama, sannan ya sa gefen rigarsa ya goge faifan solar. Hannun ɗansa ne ya ɗaura kowane kusa a jikin abin nan, kuma a gonar wani.

Sai ya dubi tumatirin.

An ja igiya ta raba gonar biyu. Ɓangaren gabas ya sha ruwa, ganye shar, fure ya fito rawaya. Ɓangaren yamma kuwa, inda ƙarfen yake, ganyen ya yi yaushi ya sunkuya, ƙasar ta yi fari har ta fara tsagewa. A kan fure! Wanda ya taɓa noman rani ya san ba a wasa da tumatir yana fure.

"Na faɗa," ya ce a fili. "Ya ba rabi ya tafi kasuwa cin tsire."

Kuma rabin da ya bari shi ne na wajen akwatin yaron. Mutane za su wuce su ga na'urar ɗan boko tsaye a tsakiyar busasshen tumatir, su kai labari teburin shayi. Saifon na nan jibge a gindin dalbejiya, lanƙwasassun bututun da ake zuƙo ruwa da su daga magudana. Ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya naɗe wando. Ya tsoma bututu, ya toshe baki da tafin hannu, ya fizga, ruwa ya kama. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Yana bin ruwan da fartanyar da ya tarar a wajen, yana buɗe layi yana toshe na baya, gumi na zuba, zuciyarsa wasai. Rabonsa da jin daɗin aiki irin haka ya manta. Kafin la'asar sakaliya ɓangaren yamma ya ƙoshi, ganye ya fara miƙewa. Ya mayar da saifon inda ya gan su, ya tafi ba tare da injin feshin ba.

Washegari da hantsi ya dawo, wai injin feshin ne dai. A ransa yana so ya tsaya daga gefe ya ji yaron yana tambayar wane ne ya ceci gonar.

Tun daga nesa ya jiyo muryar Jamalu, kuma ba irin muryar da ya sani ba ce. Shi muryar zaure ya sani, ta ƙasa-ƙasa.

"Haba Baba! Sau nawa na faɗa maka? In fitila tana ja, ko ganyen ya kwanta a ƙasa kada a taɓa. Wannan ɓangaren naka ne, ka ba shi ruwa yadda ka saba. Wancan na na'urar ne. In ba haka ba da me zan gwada? Ta ce a jira zuwa gobe, akwai damshi a ƙasa inda saiwa take. Lokacin furen nan shi nake jira tun da aka yi dashe."

Iliyasu ya kashe babur a hankali. Ya sauka ya ƙarasa da ƙafa.

Garzali na tsugune a bakin wani layi yana kallon yadda aka toshe shi. Ya ɗago ya dubi ƙaninsa. Iliyasu bahago ne, tarin ƙasarsa kullum ta hagu yake kwantawa, kuma tare suka koyi ban ruwa a gonar mahaifinsu. Garzali ya miƙe yana kaɗe hannu.

"To, ka yi haƙuri," ya ce da Jamalu. "Tsufa ne. Na dawo daga kasuwa na ga sun yi yaushi, tausayi ya kama ni."

"Tausayi? Baba, jiya da safe ka rantse min. Har cewa ka yi in kulle saifon a ɗaki in ba ka da amana."

"Da ka kulle."

"Wallahi da na kulle. Yanzu me zan ce wa mutanen nan? In ce Babana ya ji tausayin tumatir?"

"Ka ce musu haka. Su ba su da uba ne?"

Jamalu ya riƙe kai, yana neman yin dariya yana kuma neman yin kuka. Ya ɗauki ɗan hoge ya wurga cikin magudana. Iliyasu na tsaye yana kallonsu. Yaron yana faɗa da Garzali yadda ɗa yake faɗa da uban da ya saba hawa wuyansa. Gonar ta Garzali ce, sunan na Garzali ne, yanzu ga laifin da shi ya yi da guminsa, shi ma Garzali ya ɗauke, har da faɗan da ke biye da shi.

"Ni ne," in ji Iliyasu.

Sai a lokacin Jamalu ya lura da shi. Nan take ya rusuna.

"Baffa, ina kwana? Ban ga zuwanka ba."

"Na ce ni ne na ba da ruwan. Yaya yana kasuwa. Na zo na ga rabi a bushe, na ɗauka mantawa ya yi."

Jamalu ya dubi Garzali, Garzali ya kau da kai yana sosa gemu. Yaron ya sunkuyar da kansa, muryar zaure ta dawo.

"Ba komai, Baffa. Allah ya sa haka ne ya fi alheri."

Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi.

"Yaya za a yi ka ce ba komai? Yanzu na ji kana cewa aikinka ya lalace. Shi ka yi masa faɗa kamar za ka cinye shi, ni kuma ba komai?"

Garzali ya fashe da dariya har yana dafa ƙarfen. "Iliya, faɗan ma so kake a raba da kai? Jamalu, taimaka ka zazzaga masa kaɗan, kada ya koma Kura hannu rabbana."

"Yaya, ba da kai nake ba."

Ya taka ya zauna a kan tudun magudana, ya nuna gefensa ba tare da ya dubi yaron ba. "Zauna. Ba tsugunno na ce ba. Faɗa min abin da na ɓata. Ba wanda ya taɓa yi min bayani."

"Ba ka taɓa tambaya ba, Baffa," in ji Jamalu a hankali. Ya zauna, ya bar tazara tsakaninsu.

Da farko yana magana yana tsintar kalmomi, daga baya bakinsa ya saki. Ya ce manyan cip ɗin da ake yayi yanzu a manyan ɗakuna suke, dubbai a jere, suna shan wutar da za ta ishi gari, ana sanyaya su da ruwa. In waya ta yi tambaya, can take aikawa a dawo mata da amsa. Manomin da ba shi da sabis ba shi da wuta, wannan ba nasa ba ne. Su abin da suke nema shi ne ƙaramin da zai yi tunaninsa a inda yake, aiki ɗaya tak, da wutar da faranti ɗaya na sola zai bayar.

"To me ya hana tuntuni?" in ji Iliyasu.

"Jigila. Ba lissafin ne ke cin wuta ba, ɗauko bayani daga ma'ajiya zuwa inda za a lissafa ne. Kamar ruwan nan. Kafin ya zo gonar Baba daga babban kanal, nawa ne ya tsiyaye a hanya?"

"Ya fi rabi, in magudana ba ta da gyara."

"To ni a zanena na matso da gonar bakin ruwa. Inda ake ajiya, nan ake lissafi. Ina ganin can abin ya dosa, ƙanana masu yawa, kowanne da aikinsa. Amma masu kamfanin ba za su ƙera da yawa ba sai sun ga na'urar ta riƙe gona tun kafin fure har tsinka, da ƙarancin ruwa, kuma kwanduna ba su ragu ba. In ban kai musu wannan ba bana, za su ɗauki zanen wani. Yanzu ɓangarorin biyu duk sun sha a kan fure, ba a san wanda ya yi aiki ba."

Iliyasu ya gane sarai, kuma da bai gane ba da ya fi masa daɗi.

Yana da wani yanki a gonarsa da ya yi dashen baya-baya, saboda irin farko ya ƙone a gadon reno. Bai kai ga fure ba. Maganar tana bakinsa, amma faɗinta roƙo ne, roƙon ɗan fari, a gaban yayansa. Ya lura Garzali ya buɗe baki, ya kuma san abin da zai ce, don yayan nasa ya san da yankin. In Garzali ya riga shi, wannan ma ya zama kyautar Garzali.

"Ina da dashen da bai yi fure ba," ya faɗa da sauri. "Ka kawo ta wajena."

Jamalu ya juya ya dubi Garzali tukuna. Iliyasu ya ga wannan kallon, ya haɗiye shi.

"Ka kai masa," in ji Garzali. "Amma shi kam ka kulle saifon da gaske."

Ranar suka tuge ƙarfen, Jamalu ya rungume shi a bayan babur ɗin Iliyasu har Kura. Wannan ne karo na farko da Iliyasu ya goya ɗansa. Duk tsawon hanya ba wanda ya yi magana, sai a wata gargada da ya ce, "Riƙe da kyau," yaron ya ce, "To." Aka ja igiya, aka binne wayoyi. Bayan 'yan kwanaki Jamalu ya koma bakin aikinsa, ya ce zai dawo lokacin tsinka.

Fure ya fito. Fitila ta kama ja ta ƙi sauka.

Iliyasu na zaune a bakin gonarsa da rana tsaka, ruwa na wucewa ta gabansa a magudana, maƙwabta ko'ina suna ban ruwa. Rabin gonarsa ya sunkuya kamar marar lafiya. Ya tashi ya zaga, ya tona ƙasa da yatsa, ya dawo ya zauna. Saifon ɗinsa yana gida, ya ba Ummulkhairi ta tura ƙarƙashin gado, ya ce ko ya roƙa kada ta ba shi. Ya riga ya roƙa sau ɗaya, ta hana.

Mudassiru ya tsaya da babur a kan hanya. "Malam Iliya, ashe an ara maka yaron? To ga shi na'urar ɗan Garzali za ta kashe maka tumatir."

"Ba za ta kashe ba. Akwai damshi a ƙasa, inda saiwa take."

"Ka zama injiniya ke nan."

"Wuce ka nemi kwandunanka."

Mudassiru bai daɗe da tafiya ba waya ta yi ƙara. Garzali ne.

"Iliya, Jamalu ya bugo. Wai in tambaye ka, ba ka dai taɓa ba ko?"

Iliyasu ya ji kishin nan ya sake taso masa. Gonar tasa, tumatirin da ke yaushi nasa, zaman ranar nasa, amma tambayar sai ta biya ta Bunkure.

"Gonarka ce ko tawa?"

"Taka ce."

"To ka ce masa mai gonar yana da waya."

Ya kashe. Ya ɗora wayar a gwiwa, yana jin kunyar abin da ya faɗa, yana kuma tsoron kada Garzali ya mayar da shi abin dariya ya ƙi isarwa. Inuwar ƙarfen ta matsa kaɗan. Wayar ta sake ƙara.

"Baffa, ina wuni? Baba ya ce in kira ka."

"Lafiya lau. Ban taɓa ba."

"Yaya ganyen?"

Iliyasu ya miƙe ya shiga cikin layi. Ya faɗa masa yadda na sama ya naɗe, na ƙasa bai naɗe ba. Ya faɗa masa furen bai zube ba, ya duba gindi-gindi. Ya ce da safe suna miƙewa, sai rana ta take suke sunkuyawa. Jamalu na ta tambaya, yana cewa a ɗan tona masa nan, a duba masa can, har ya manta ya ce, "A'a Baffa, ba nan ba, kusa da wayar da aka binne na ce," da ɗan ƙosawa a muryarsa. Iliyasu ya matsa kusa da wayar yana murmushi. Da bayanin ganye ya ƙare sai ya kawo na ƙasa, da na ƙasa ya ƙare sai ya tambaya ko fitilar tana lalacewa in ta daɗe a ja.

"Ba ta lalacewa. Ina jin gobe za ta sauya. Zan kira in ji." Yaron ya ƙara da cewa, "In kun haɗu da Baba ka gaishe min da shi."

"Zai ji," in ji Iliyasu.

Ya sa wayar a aljihu. Ba shi da niyyar zuwa Bunkure a makon nan.